Amsa kan zawon maraƙi a lokacin yaye

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa 'yan maruƙanka na Gudali suke zawo suna ramewa da zarar ka yaye su. Sau da yawa matsalar tana cikin tumbi ne, domin jaririn maraƙi ba ya amfani da shi sosai. Nonon da yake tsotsa yana bin wata hanya ce da ke kewaye tumbi, ya zarce kai tsaye zuwa ciki na huɗu, wato na ƙarshe a sassa huɗu na cikin saniya. Sai ya fara cin dusa da tsakin hatsi ne ƙwayoyin bakteriya masu narka su suke yawaita a tumbin, kuma sinadaran da suke fitarwa su ne suke raya tsiron da ke jikin bangonsa, wanda ta nan abinci ke shiga jini. Idan aka yanke nono rana ɗaya kafin wannan ya kankama, maraƙin zai cika ciki da abin da ba zai iya narkarwa ba.

Saboda haka a fara ajiye masa dusa da ruwa mai tsabta tun makon farko, musamman a zafin Sakkwato, daga baya a ƙara 'yar harawa mai laushi. A rage nonon sannu a hankali cikin mako biyu, kuma kada a yaye shi sai an ga yana tuƙa, yana cinye kusan kilo 1 na dusar kullum. Ina ganin ɗura maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da likitan dabbobi ba kuskure ne, domin yana hallaka masu amfanin ma. Idan ka ga jini a kashin, ka kira likita ranar.