Tambaya da Amsa: Wace Fatima ce a jikin cocin Sabon Gari?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Ina yawan bi ta Sabon Gari in zan je saro kaya, sai naga babban cocin 'yan Katolika sunansa Our Lady of Fatima, abin ya tsaya min a rai. Wai Nana Fatima 'yar Manzon Allah (SAW) suke nufi? Ƙawata kuma tace ai su Katolika Nana Maryam suke bauta wa, shiyasa suke durƙusa wa gunkinta. Meye gaskiyar magana? (Wata mai karatu daga Fagge)

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A'a, ba Nana Fatima (RA) suke nufi ba. Fatima ɗin nan sunan wani gari ne a ƙasar Fotugal, matar da suke nufi kuma Nana Maryam ce mahaifiyar Annabi Isa (AS), wato dai Maryam ta garin Fatima.

A 1917, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu yara uku masu kiwon tumaki, Lusiya 'yar shekara 10 da 'yan uwanta Faransisko da Jasinta, suka ce wata mata cikin haske ta bayyana musu ranar 13 ga Mayu, tace su yawaita addu'a da jan carbi saboda a samu zaman lafiya, haka ta dinga dawowa wata-wata har 13 ga Oktoba, ranar da dubban mutane suka taru wasu suka ce sunga rana tana juyi a sama. Ƙananan biyun basu daɗe ba annobar mura ta ɗauke su a 1919 da 1920, Lusiya kuwa ta zama sista, wato macen da ta keɓe kanta ga ibada a coci ba aure, ta rayu har 2005. Cocin Katolika ma ba nan take ta yarda ba, sai 1930 bishop ɗin yankin yace abin ya cancanci a gaskata. Kuma abin da da yawa basu sani ba, a tauhidin Katolika irin wannan bayyanar ba dole bace, mutum zai iya cewa bai gamsu da Fatima ba kuma yana nan a Katolikansa, dan a wajensu wahayin da ya zama wajibi ya rufe tun mutuwar almajiran Yesu. Masana tarihi kuma suna tuna mana cewa tun 1910 gwamnatin Fotugal take takun saƙa da coci, ga samari ana ta kwasa zuwa yaƙi, toh mutanen karkara a matse suke, shiyasa labarin ya bazu da sauri. Ya ƙara ƙarfi bayan an harbi Fafaroma John Paul na biyu ranar 13 ga Mayun 1981 ya tsira, shi ya ɗauka Maryam ta Fatima ce ta kare shi, har harsashin aka saka a jikin kambin mutum-mutuminta.

Amma fa kunnenki bai yi ƙarya ba, sunan na Larabawa ne. Musulmi sun mulki Andalus har da wani ɓangare na Fotugal ɗaruruwan shekaru, sunan garin daga wancan zamanin yake. Akwai labarin baka cewa wata gimbiya Musulma mai suna Fatima aka kama aka aurar wa wani jarumin Kirista, amma wannan tatsuniya ce kawai.

Maganar ƙawarki kuma, gara muji daga bakin masu abin. Malamansu irin su Thomas Aquinas wanda ya rasu a 1274 sun raba abin gida uku: bauta ta Allah ce shi kaɗai, girmamawa ta tsarkakan bayi, sai girmamawa ta musamman ga Maryam wadda ta fi ta kowa amma bata kai bauta ba. Suna cewa roƙonta suke tayi musu addu'a. Batun hotuna da mutum-mutumi kuwa sun sha rigima a kai su kansu, a Daular Rumawa ta gabas har farfasa su aka dinga yi, sai taron manyan malaman coci na biyu a garin Nisiya a 787 ya yanke cewa girman da aka ba hoto ga mai hoton yake komawa. Kafin nan a 431 anyi taro a Afisa, Turkiyya ta yau, aka tabbatar wa Maryam da laƙabin Uwar Allah. Nasan wannan kalma tana da nauyi a kunnen Musulmi, ni ma haka, amma asalin gardamar akan Yesu ce, su sunce shi Allah ne tun yana ciki dan haka laƙabin ya biyo. Mu da muke cewa Annabi ne kuma bawan Allah, tun daga nan muka raba hanya, maganar gunki daga baya take zuwa. A 1854 'yan Katolika suka ayyana cewa an ɗauki cikin Maryam ba tare da zunubin gado ba, wato zunubin da suke cewa ɗan Adam ya gada daga Annabi Adamu, a 1950 kuma cewa an ɗauke ta zuwa sama jiki da ruhi.

Ni a ganina in zaki faɗa, kice Musulunci bai yarda da durƙusa wa mutum-mutumi ba ko da wace niyya, wannan gaskiya ne, amma kar kice sunce Maryam abin bauta ce dan basu ce ba. Kuma ba mu kaɗai ke musu da su ba, ki tambayi 'yan ECWA ko Baptist kiji, tun zamanin gyaran da Martin Luther ya faro a 1517 Furotesta suke ja da su akan roƙon tsarkaka. 'Yan Katolika kuma a takardarsu ta Nostra Aetate ta 1965 sun rubuta da kansu cewa Musulmi suna girmama Maryam.

TAMBAYA: Malam wani fasinja ya manta carbi mai gicciye a Adaidaita na, daga wajenmu suka kwaikwaya ne? (Ɗan Adaidaita daga Kurna)

AMSA: Rosari sunansa, ɗan uwa. Yana da rukuni biyar, kowanne ƙwaya 10, akan kowace ƙwaya ana karanta gaisuwar Maryam ana tuna wani abu daga rayuwar Yesu. Asalinsa Zabura 150 ce da sufayensu ke karantawa, talakan da bai iya karatu ba sai ya dinga maimaita gajeriyar addu'a sau 150 yana ƙirgawa da ƙulli ko tsakuwa. Fafaroma Pius na biyar ya daidaita tsarin a 1569, John Paul na biyu ya ƙara wasu abubuwa biyar da ake tunawa a 2002. Wasu suna cewa a lokacin yaƙin 'yan Salibiyya suka gani wajen Musulmi, amma babu hujja tsayayya, 'yan Hindu da Buddha ma suna da nasu tun da daɗewa. Ka ajiye masa a wuri mai kyau, in bai dawo ba ka miƙa wa mai gadin cocin in aiki ya bi da kai Sabon Gari.