Me zan karanta a kan ƙarshen zamani?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. A zumuntar matasanmu kowa da abin da yake faɗa a kan fyaucewa da lambar 666, har wasu na cewa tana cikin katin banki. Tsoro ya kama ni. Me zan karanta in gane? Daga wata 'yarka a Kafanchan.

Amsa: Sannu 'yata. Kada ki fara da Wahayin Yahaya, ko da yake can kowa ke rugawa. Ki fara da Matiyu sura 24 da 25, inda almajirai suka yi wa Yesu irin tambayarki a Dutsen Zaitun, shi kuma ya amsa da bakinsa. Ki daɗe a kan 24:36, inda ya ce ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba. Sai 1 Tasalonikawa 4:13-18, tushen maganar fyaucewa, wato ɗauke masu bi su taryi Ubangiji a sararin sama. Bulus ya rubuta ta ne ga masu makokin 'yan'uwansu da suka rasu, don ya ta'azantar da su, kuma yana yi mini ciwo in ga ana razana yara da ita. Bayan nan 1 Korintiyawa 15, da Daniyel 7 zuwa 12, sannan Wahayi daga farko har ƙarshe, kina tuna cewa wasiƙa ce zuwa ikilisiyoyi bakwai a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, a zamanin mulkin Roma.

Masu bi na gaskiya sun saɓa a kan shekara dubun mulkin Almasihu da ke Wahayi 20. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yanzu, wanda ya rasu a 430, ya ɗauke ta a matsayin zamanin ikilisiya da muke ciki. Koyarwar da muka fi ji a wa'azi, wato a fyauce masu bi kafin shekara bakwai na tsanani, ta bazu ne ta hannun John Nelson Darby tun wajen 1830, da kuma Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909. Shi ya sa nake son ki nemi The Meaning of the Millennium, wanda Robert Clouse ya tsara a 1977: malamai huɗu, kowa ya kawo hujjarsa, sauran suka ba shi amsa. Ni kam na fi karkata ga Anthony Hoekema a The Bible and the Future na 1979, amma ki ji dukkansu tukuna. Da Turanci suke, ki tambaya a shagunan littattafan Kirista na Jos, ko wurin fastonki.

Littafin da ya sa ranar dawowar Yesu kuwa, ki ajiye shi. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, wasu har dukiyarsu suka sayar, amma ranakun suka wuce Yesu bai dawo ba.

Batun kati kuma, ki duba Wahayi 13 da 14:9-11 da kyau. Alamar nan ta 666 tana tafe ne tare da yi wa dabbar da aka ambata a can sujada. Cire kuɗi a banki ba sujada ba ce, ki yi amfani da katinki hankali kwance.