Tambaya da Amsa: Turancina zai iya kai ni Sifaniyanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina jin Turanci daidai gwargwado, kwanan nan kuma na fara koyon Sifaniyanci. Na samu wani dogon jeri na kalmomin Turanci, kowace da takwararta ta Sifaniyanci a gefe, ina ta haddacewa. Ƙawata ta ce wahalar banza nake sha, wai harsunan biyu kusan ɗaya ne, in na ƙara "o" ko "a" a ƙarshen kalmar Turanci shi ke nan. Wa ke da gaskiya tsakaninmu?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ƙara basira. Ƙawarki ta hango wani abu na gaskiya, sai dai ta kai shi inda bai kai ba.

Sifaniyanci daga Latin ya fito. Turanci kuwa dangin Jamusanci ne, amma bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmominsa da na Latin suka kwararo cikin Turanci. Shi ya sa kalmomin ilimi, mulki da shari'a suke kama a harsunan biyu, kuma kamar tana bin ƙa'ida. Ƙarshen -tion yakan koma -ción: nation ta zama nación, information ta zama información. Ƙarshen -ty yakan koma -dad, kamar university da universidad. Famous famoso ce, rapidly kuma rápidamente. Sannan Basifaniye ba ya fara kalma da "s" mai manne da wani baƙi, sai ya sa mata "e" a gaba: student ta zama estudiante, special ta zama especial. Ki riƙe waɗannan ƙa'idoji, za su rage miki haddar ɗaruruwan kalmomi.

To, amma ki shiga cikin gida ki gani. House casa ce, water agua, dog perro, to eat kuma comer. Ina kamar take? Kalmomin da ake rayuwa da su kullum, waɗanda Turanci ya gada daga tushensa na Jamusanci, nan dabarar ƙawarki ba ta da amfani, dole a zauna a koya.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmomin da suke kama a ido amma ma'ana ta yi hannun riga, domin kama da wane ba ta wane. Embarazada ba ta nufin mai jin kunya kamar embarrassed, tana nufin mace mai ciki, kin ga ba kalmar da budurwa za ta furta bisa kuskure ba ce. Éxito nasara ce, ƙofar fita salida ake ce mata. Librería shagon sayar da littattafai ne, ɗakin karatu kuwa biblioteca. In kin nemi sopa miya za a kawo miki, sabulu sunansa jabón. Ropa tufafi ne, carpeta kuma jakar ajiye takardu. Waɗannan ki ware musu shafi na musamman a littafinki.

Jerin naki ma yana da tasa matsalar. Yana nuna miki kamar kowace kalma tana da abokiya guda ɗaya tak, alhali to be kaɗai ta rabu biyu, ser da estar. Soy estudiante, ni ɗaliba ce. Estoy cansada, na gaji. Es aburrido na nufin mutum ne mai gundurar jama'a, está aburrido kuma shi ne abin ya gundura. Haka to know: saber ga sanin abu ko iya shi, conocer ga sanin mutum ko wuri. Saboda haka duk kalmar da za ki rubuta, ki rubuta ta cikin gajeriyar jimla.

Yanzu ga abin da nake so ki ji da kyau: kada ki ajiye Hausarki a gefe, domin a wurare da dama ta fi Turanci kusa da Sifaniyanci. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake furtawa. Sunayensu suna da jinsi, namiji da tamata, abin da ke wahalar da Bature amma ke kin taso da shi. Yawancin masu ƙarewa da "a" mata ne, kamar a Hausa: la casa, la mesa. Akwai 'yan kaɗan da suka bijire, irin su el día da el problema, don haka ki riƙa haddace suna tare da el ko la ɗinsa. Ko shekaru za su faɗa, cewa suke tengo veinte años, wato "ina da shekara ashirin", daidai da yadda muke faɗa.

Ga kuma Larabci. Musulmi sun shiga Andalus a 711, mulkinsu bai ƙare ba sai da Granada ta faɗi a 1492, kuma sun bar dubban kalmomi. Azúcar sukari ne. Alcalde, magajin gari, tushensa ɗaya da alƙalinmu. Taza, kofin shayi, 'yar uwar tasa ce, hasta daga hatta take, aceituna kuma zaitun. Ni kam duk lokacin da na ji sun ce ojalá, wato "Allah Ya sa", sai in ji harshen ya matso kusa da ni.

Abu na ƙarshe, ki duba daga wace ƙasa jerin naki ya fito. Mota coche ce a Sifaniya, carro a Kolombiya, auto a Ajantina. Kwamfuta ordenador ce a Sifaniya, amma a Meziko computadora za ki ji. Ki zaɓi ɓangare ɗaya ki tsaya a kai tukuna. In kalma ta rikita ki, ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar kula da harshen da aka kafa a 1713, yana nan kyauta a intanet, kuma yakan nuna ƙasar da ake amfani da kowace ma'ana.