Tambaya da Amsa: Me ke rikita na'urar PLC idan kwantakta ta saki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai aikin wuta ne a wata masana'antar ruwan leda da ke Idu, Abuja. Duk lokacin da kwantaktar famfo, wato makunnin lantarki mai kunna shi da kashe shi, ta saki, sai na'urar PLC mai sarrafa injin ta ɗauke ta sake tashi. Mun sa sitabilaiza, amma abin bai daina ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sitabilaiza ba za ta magance wannan ba, domin matsalar ba daga layin wuta take shigowa ba, a cikin akwatin injin take tasowa. Kwantakta da rile (ƙaramin makunnin lantarki) da bawul ɗin solanoyid (bawul mai aiki da lantarki) duk suna da koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, kuma koyil yakan tara ƙarfin maganaɗisu muddin wuta na ratsa shi. Da zarar an yanke wutar sai maganaɗisun ya rushe farat ɗaya, ya haifar da wuta mai tsanani wadda kan kai ɗaruruwan bolt ko da koyil ɗin na bolt 24 ne, bisa ƙa'idar da Faraday ya gano a Ingila a 1831. Ita ce ke bin wayoyi har ta rikita PLC.

Idan koyil ɗin na DC ne, wato wuta irin ta batir, ka ɗaura masa dayod (abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai) irin 1N4007 a bakinsa biyu, gefen mai zobe yana wajen fosatif. Idan ka juya shi, gajeren zango wutar za ta bi ta ƙona shi. Sai dai dayod kan jinkirta sakin kwantakta kaɗan, don haka inda ake buƙatar saurin saki a jera masa dayod na zena. Idan kuwa na AC ne, wato wuta irin ta gida, mai bolt 230, dayod ba ya aiki. A nan razista mai om 100 da kafasita mai maikrofarad 0.1, aji X2, ake jerawa a ɗaura, ko kuma a sa barista (varistor), wato abin da ke shanye wutar da ta wuce kima.

Abin da na fi so ka kiyaye shi ne wurin ɗaurawa: a kan koyil ɗin kansa, da gajerun ƙafafu, domin doguwar waya takan zama eriya ta watsa hayaniyar. Sannan ka raba wayoyin sensa da na motar da ke juya famfo, kowanne da hanyarsa, inda ya zama dole su haɗu kuma su gitta juna. Ka auna wayar ƙasa ta akwatin, kuma ka kashe wuta gaba ɗaya kafin ka sa hannu.