Miyata Ta Yi Tsami a Firij

Tambaya: Anti, na ajiye miyar taushe a firij, aka ɗauke wuta kwana guda, sai ta yi tsami. Ashe sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta? Daga wata uwargida a Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, ba ya kashe su. Sanyin da bai haura digiri 5 ba yana hana yawancinsu hayayyafa ne kawai, amma suna nan da ransu. Da sanyin ya tafi sai su farfaɗo, kuma a zafi irin na Gusau wasu kan ninka yawansu duk minti 20. Ni dai ba na ba yara miyar da ta yi tsami ko an sake tafasa ta, domin wasu ƙwayoyin kan bar dafin da tafasa ba ta lalatawa. Don Allah ki zubar da ita.