Mitin ɗinmu ba ya ƙarewa, yaya za mu yi?

Kana tambaya yadda mitin ɗin ƙungiyarku ta aikin gayya zai daina cin awa uku ba a tsai da komai ba. Malam ku sa shi tsakanin La'asar da Magariba kawai, kiran salla zai tashe ku ko ciyaman bai so ba, sakatare kuma ya turo ajanda a WhatsApp tun ana gobe, magana uku ta isa.

Amma fa duk abin da aka yanke a rubuta sunan mai yi da ranar gamawa, a wajenmu in za a yashe kwata kafin damina sai an faɗi wa zai aro baro da shebur, wa zai sanar da mai unguwa, don in aka ce "za mu yi" to wallahi ba mai yi.