Nawa Dodgers suka biya Angels kuɗin Ohtani?

Malam ka tambaya nawa Dodgers suka ba Angels, kulob biyu na besbol a Amurka, kafin su ɗauke ɗan wasa Shohei Ohtani, kuma ta yaya kuɗinsu bai ƙare ba har suka ƙaro wasu 'yan wasa. To ko sisi ba su biya na sayensa ba. Nan ne mu 'yan kallon ƙwallon ƙafa muke ruɗewa, muna ta neman kuɗin taransifa. A besbol na Amurka in ɗan wasa ya cika shekara 6 a babbar gasa, wato MLB, kuma kwantiraginsa ya ƙare, shikenan ya zama mai zaman kansa, duk inda ya ga dama zai sa hannu.

A Disambar 2023 ya sa hannu kan dala miliyan 700 na shekara 10, amma fa ga inda dabarar take, miliyan 2 kacal yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043 za a biya shi, shi ya sa suka samu sararin ɗauko Yamamoto daga Japan kan miliyan 325. Shi kam an biya tsohon kulob ɗinsa Orix, don tsarin Japan daban ne. Glasnow kuwa, wani ɗan wasan da suka ƙaro, musaya aka yi da kulob ɗin Tampa Bay, 'yan wasa aka ba su.

Kar ka ɗauka jinkirin ya kuɓutar da su daga harajin kashe kuɗi, wato harajin da MLB ke ɗora wa kulob ɗin da albashin 'yan wasansa ya wuce iyaka, ana lissafa musu wajen miliyan 46 duk shekara kan Ohtani. Yadda ake fitar da wannan adadin sai masana yarjejeniyar MLB da ƙungiyar 'yan wasa, su za ka bi in lissafin dalla-dalla kake so.